Yadda na rage sukari bayan na rasa haƙori biyu

Sai da aka cire mini haƙori na biyu kafin na yarda shayi ne ke cinye mini baki. Likitar ta ce in ƙirga sau nawa zaƙi ke shiga bakina a wuni. Shayin safe, na hantsi a shago, lemo bayan azahar, alewa a aljihu, kunun dare. Ta ce ƙwayoyin cutar da ke manne a haƙori su ke cin sukarin, su fitar da tsami mai zaizaye shi, kuma yawu kan ɗauki kamar rabin awa kafin ya kashe tsamin. Mai kurɓa kaɗan-kaɗan duk wuni bai ba yawu sararin aiki ba.

To, ka haɗa zaƙinka da lokacin cin abinci. Tsakanin abinci kuwa ruwa, ko gyaɗa in baki ya matsa.

Wajen mai shayi kada ka ce a daina sa maka gaba ɗaya, kwana uku za ka koma. Ni daga cokali huɗu na sauko biyu, na yi sati biyu a haka, sannan ɗaya. Ka tsaya a kansa lokacin da yake haɗawa, don hannunsa ya riga ya saba. Harshe bai da riƙo, yau in an cika mini sukari har tashin zuciya nake ji.

A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya wuce kimanin giram 50 na sukari a rana, wato ƙaramin cokali 12, in so samu ne 6. Ƙaramar kwalbar Coca-Cola ɗaya ta kusa cokali 9. Zuma ma tana cikin lissafin, abin da ya ba ni haushi, don da ita na so in fake.

Zumunci ya fi komai wuya. Ka je gaisuwa a dire maka lemo mai sanyi, ƙi ya zama raini. Nakan ce, "Hajiya, a taimaka mini da ruwa, likita ta hana ni." Ba a musu da likita.

Da dare yawu ke raguwa, saboda haka bayan isha na rufe shan zaƙi. Nakan goge da man da ke da fuloraid, sinadarin da ke kare haƙori, in tofar, ban kuskure da ruwa ba, in kwanta. Asuwakina yana aljihun da alewa ke zama a da.