Babi na 7: Zaɓen Murhun Itace a Sabon Gida

Darasi na 1: Wane irin murhu?

'Yan uwa, barkanmu da sake haɗuwa. Kowa ya ɗora yatsa a kan wannan kalma: MURHU. Harafi biyar ne, M-U-R-H-U. A karanta da ƙarfi. Baba na baya, har da kai, babu kunya a wurin neman sani.

Wasu cikinku Allah ya hore musu sun yi gini, wani a Agege, wani can wajen Ikorodu. A Ingila ana gina murhu cikin falo don jin ɗumi. Mu a Legas ko da hunturu da fanka muke kwana, saboda haka namu na girki ne: ranar suna, ranar layya, ko ranar da gas ya ƙare aljihu kuma babu nauyi.

Akwai na duwatsu uku da muka gada. Ba ya cin kuɗi, amma yana cin itace, don iska ke kwashe zafin. Akwai na ƙarfe da ake ɗauka a ajiye, kamar wanda ake kira Save80, mai aiki da 'yan ƙiraruwa. Sai na gini mai bututun hayaƙi. Mai gidan kansa, ni dai na ukun nan nake zaɓa masa.

Darasi na 2: Awo

A nan ake faɗuwa, don haka a nan za mu daɗe.

Murhu tukunya yake bi. Je ka karɓo tukunyar da uwargida ta fi girki da ita. Kife ta. Ɗauko tef ɗin awo. Dube shi da kyau: layin lambobi biyu ne. Layi ɗaya lambobinsa sun yi nesa da juna, wannan shi ne INCI. Ɗayan lambobinsa a matse suke, shi ne SANTIMITA. Inci 1 ya ɗan haura santimita biyu da rabi. Inci 12 kuma ƙafa 1 ne.

Sa bakin tef, wurin ɗan ƙarfen nan, a gefen gindin tukunya. Ja shi ta tsakiya zuwa ɗaya gefen. Karanta layin inci. Rubuta lambar, sannan ka rubuta kalmar a gefenta: inci 14. Ba 14 tsura ba. Inci 14.

Mu sake. Kife tukunya, ja tef ta tsakiya, nemi layin da lambobinsa suka yi nesa da juna. Me za ka rubuta kusa da lamba? INCI. Madalla, Hajiya, hannunki ya fara faɗawa.

Bara wani dattijo a ajin nan, mai sayar da albasa a Mile 12, ya karanta layin santimita, ya rubuta 36 kawai a bayan kwalin shayi, ya miƙa wa mai walda. Shi kuwa da inci yake aiki, sai ya ɗauka tukunyar biki ce. Aka kawo bakin murhu mai faɗin ƙafa 3. Da aka ɗora tukunyar tuwo, zuruf ta faɗa ciki. Ajin ya yi ta dariya, amma kuɗin ƙarfe bai dawo ba. Da inci 14 ya rubuta, da shike nan.

To a sake awon sau uku, a rubuta sau uku. Idan lambobin ba su zo ɗaya ba, tef ya karkace, a koma. Makon jiya na duba littattafai na ga mutum shida sun bar lamba tsirara. Haba jama'a! Sau nawa zan faɗa? Harafi huɗu ne fa, I-N-C-I. Wanda ke ƙirga buhu ɗari da ka ba zai ce wannan ta gagare shi ba. Lalaci ne kawai. Kowa ya rubuta shi yanzu a layi biyar ina gani.

Darasi na 3: Ina hayaƙi zai fita?

Yi wa birkila da kafinta wannan tambaya kafin a buga kwano. In an riga an buga, a gina murhun a wata rumfa ta bayan ginin, ba cikin kicin mai silin ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2020 gurɓatacciyar iskar cikin gida, irin ta hayaƙin girki, ta yi sanadin mutuwar mutum miliyan 3.2, wato miliyan uku da dubu ɗari biyu. Uwa da goyonta ne suka fi shaƙa.

Bututu ya miƙe tsaye, ya haura kwano da ƙafa 3 aƙalla. Auna da tef, layin inci, ka rubuta: inci 36. Kada ya taɓa katakon rufi. A sa masa hula, kun san ruwan Yuni a garin nan. Gidaje a manne suke, kar a saita shi tagar maƙwabci. Cikin murhu jan bulo ake sawa, bulon siminti tsagewa yake yi da wuta.

Darasi na 4: Itace

Busasshe za ka saya. Buga guda biyu: in ka ji ƙwas, ya bushe. Ɗanye nauyi gare shi, ga hayaƙi. Ɗora shi kan bulo a ƙarƙashin rumfa saboda laima. Ragowar katakon gini mai fenti da leda, ban da su.

Darasi na 5: Shara

Kwashe toka in ta huce. Kakkaɓe kunkunniyar bututu lokaci-lokaci.

Aikin gida: kowa ya auna tukunya biyu, ya zo da takardar ranar Asabar bayan la'asar.