Kurakuran Masu Dillancin Gidaje da Filaye a Gefen Wani Aiki, da Yadda Za a Gyara Su

Malamin makaranta, mai shago a kasuwa, direba ko ma'aikacin kamfani, da yawa suna taɓa dillancin gidaje da filaye bayan an tashi daga aiki. Sana'a ce halattacciya mai rufin asiri. Sai dai mai saye da ya zuba miliyoyinsa bai damu da cewa kai dillalin yamma da Asabar ba ne. Idan filin ya fito da rigima, ƙofarka zai fara bugawa, kuma sunanka za a fara kira a wurin 'yan sanda. Yawancin kurakuran da ke tafe daga ƙarancin lokaci suke tasowa.

Mafi yawa shi ne tallata abin da ido bai gani ba. An turo hoton gida a WhatsApp, ka tura wa wani, shi ma ya tura gaba, har a samu dillalai biyar a kan gida ɗaya, babu wanda ya taɓa zama da mai shi. Kowa ya ɗora ɗan abinsa, gidan miliyan 20 ya koma 26, ciniki ya lalace. Gyaransa shi ne kada ka saka haja a kasuwa sai ka taka wurin da ƙafarka, ka ga mai shi ko wakilinsa da takardar wakilci. Gida uku da ka sani ciki da waje sun fi talatin da hotonsu kawai kake da shi.

Idan ka je, tafi da abin awo. Fulotin da aka saba da shi ƙafa 50 ne a 100, wato kusan mita 15 a 30, amma sau da yawa abin da ake kira fuloti yakan gaza idan aka auna, musamman a unguwannin awon igiya inda maƙwabci ya ci iyaka ko an yanke wani sashe an bar wa hanya. Ka duba ko filin yana kan hanyar ruwa ko ƙarƙashin babbar wayar lantarki, domin irin waɗannan wuraren hukumar tsara birni ba ta ba da izinin gini a kansu, kuma su ake fara rushewa. Filin da aka nuna maka da rani, ka tambayi maƙwabta yadda yake a watan Agusta.

Sai maganar takardu, inda nan ne dillalan gefe suka fi faɗawa rami. Dokar amfani da ƙasa ta Najeriya ta 1978 ta damƙa filayen kowace jiha a hannun gwamna, saboda haka abin da mutum yake riƙe da shi haƙƙin zama ne, wanda takardar shaida ta gwamnati, wato C of O, ke tabbatarwa, galibi na shekara 99 idan na gidan zama ne. Dokar ta kuma ce mai irin wannan haƙƙin ba zai mayar da shi ga wani ba sai da amincewar gwamna. Ma'anar haka ita ce miƙa wa mai saye takarda mai sunan tsohon mai fili bai kammala ciniki ba. Sai lauya ya rubuta takardar mayar da mallaka, an nemi amincewa, an yi rajista. Dillalai da dama ba sa faɗa wa mai saye wannan don kada ƙarin kuɗin ya kore shi. Daga baya idan ya je neman rance ko zai sayar, sai ya tarar sunansa ba ya ko'ina.

Ganin takarda a hannu ma bai isa ba, ana buga ta jabu. A kai lambar fayil ofishin filaye a nemi bincike: KANGIS a Kano, KADGIS a Kaduna, AGIS a Abuja. Binciken zai nuna sunan da ke kan fayil, ko an jinginar da filin a banki, ko gwamnati ta soke mallakar. Waɗannan ofisoshin ranakun aiki suke buɗewa, daidai lokacin da kai ma kake wurin naka aikin, shi ya sa ake tsallake matakin. Ko ka ɗauki hutun yini guda, ko ka bar wa lauya ya yi, mai saye ya biya. Kada a karɓi ko kafin alƙalami sai sakamako ya fito.

Filin da ba shi da takardar gwamnati, shaidar mai unguwa da dagaci tana da amfani wajen sanin tarihinsa, amma ba ta zama C of O ba, kuma wajibi ne mai saye ya ji haka daga bakinka. Idan na gado ne, a nemi takardar rabon gado daga kotu, a kuma tabbatar duk magada sun yarda, mata da marayu a ciki. Babban wa shi kaɗai ba ya sayar da kason ƙannensa, ko da shi yake riƙe da gidan. Rigimar gado takan kwanta shekaru sannan ta tashi, lokacin da mai saye ya riga ya yi gini.

La'ada kuma a yanke ta tun kafin a fara. A wurare da yawa an saba da kashi 5 cikin 100 a cinikin sayarwa, kashi 10 a haya, amma al'ada ce, takan bambanta daga gari zuwa gari. A rubuta nawa ne, wa zai biya, yaushe, da yadda za a raba idan dillali ya fi ɗaya. Abin da ke zubar da mutunci shi ne mai gida ya sallama a miliyan 15, dillali ya ce wa mai saye 17 ya soke biyu a aljihu, sannan ya karɓi la'ada a kai. Ranar da mutanen biyu suka haɗu a masallaci ko wurin ɗaurin aure, asiri ya tonu. Haka kawo ɗan'uwa ya yi tayin ƙarya don farashi ya hau. Wannan shi ne najashi da Musulunci ya hana, kamar yadda ya hana ɓoye aibin haja. Rufi yana yoyo, ko akwai bashin wuta a kan mita, faɗa.

Kuɗin ciniki kada ya kwana a asusunka. Ya tafi kai tsaye daga mai saye zuwa mai sayarwa ta banki, a gaban shaidu, kowa ya sa hannu. Dokar hana halatta kuɗin haram ta 2022 ta hana mutum biya ko karɓar tsabar kuɗi sama da naira miliyan 5, kamfani kuma miliyan 10, ba ta hanyar banki ba, kuma masu harkar gidaje suna cikin waɗanda ake buƙatar su yi rajista da SCUML, sashen hukumar EFCC mai sa ido kan halatta kuɗin haram. Mai karɓar kuɗin haya a madadin masu gida ya ware masa asusu daban da littafin rasit, don albashi da kuɗin mutane idan suka gauraya, ƙarshen wata ne ke cinye su.

Wani abin da ba a cika kula da shi ba: kundin tsarin mulki na 1999, a ƙa'idojin ɗa'ar ma'aikata, ya hana ma'aikacin gwamnati na cikakken lokaci gudanar da kasuwanci na kansa, in ban da noma. Mai aikin kamfani kuma ya duba takardar ɗaukarsa aiki. Sannan kada dillali ya rubuta wa banki ko kotu ƙimar gida. Wannan aikin ƙwararrun da ESVARBON, hukumar rajistar masu ƙiyasta ƙimar gidaje da filaye, ta yi wa rajista ne.

Game da lokaci, ka gaya wa abokin ciniki gaskiya tun ranar farko: "Alhaji, ina wurin aiki daga takwas zuwa huɗu, duba gida sai bayan la'asar ko Asabar." Ka ware layin waya na dillanci, ka mayar da kira a ranar. Ka kuma ƙulla yarjejeniya a rubuce da dillali ɗaya amintacce mai zaman sana'ar, wanda zai riƙa kai mutane duba gida idan kana ofis, a kan kason la'ada da kuka yanke tun da wuri.