Zoben baiko ya fito da matsala? Ga yadda za ka yi da mai shagon ba tare da gwal ɗinka ya ragu ba

Ranar da na je karɓar zoben da na bayar aka ƙera wa wadda zan aura wallahi ban ga aibin komai ba, ka san fitilun nan na shagon 'yan gwal, ko murfin kwalba aka ajiye a ƙarƙashinsu sai ya yi ta walwali. Na cika kuɗi na sa a aljihu ina ta murna. Kwana huɗu da kai kayan baiko sai ga hoto a WhatsApp, sabon mayafinta ya ja zare tun daga kafaɗa har ƙasa, ta ce zoben ne yake kamawa. Na karɓo na fita tsakar gida na duba a rana, ashe ɗaya daga cikin 'yan faratan da ke riƙe dutsen ya miƙe tsaye kamar ƙaya, dutsen ya ɗan karkace, in ka girgiza shi kusa da kunne kana jin ƙas-ƙas.

Na san wani zai ce dama wa ya aike ku, mu da goro da alawa muka san baiko. Gaskiya ne, amma abin ya riga ya shigo, kuma duk abin da zan faɗa a nan ya shafi sarƙa da ɗan kunne da awarwaron lefe ma, duk abin da aka ba da a ƙera.

Abu na farko, ta cire shi ta daina sawa. A sa shi a 'yar leda mai zif ko cikin akwatinsa, don in dutsen ya faɗi ya faɗi a ciki, in ya faɗi a kasuwa ko gidan biki to magana ta ƙare, mai shagon cewa zai yi ita ta buga shi da wani abu. Kuma dan Allah kar ka kai wa wani maƙerin unguwa ya ɗan danne maka faratan, na san abin minti biyar ne, amma da zarar hannun wani ya taɓa shi ka ba mai shagon amsar da yake nema: "ai an taɓa, wannan ba aikinmu ba ne." Ka iya kai wa wani maƙerin fari ya duba da ido ya gaya maka abin da ya gani, hasali ma yana da kyau ka yi hakan, amma duba kawai, ba guduma ba wuta.

Sai hoto. Ka shimfiɗa farar takarda kusa da taga, ka ɗauka ta sama, ta gefe, ta ciki inda tambari yake. Ka yi ɗan bidiyo kana taɓa dutsen da tsinken sakace a ga yana motsi. Ka koma hirarku ta waya ka nemo hoton samfurin da ka tura masa tun farko da duk inda ya ce "ba matsala za a yi shi haka", har saƙon murya, ka adana su wani wuri kafin a goge. Rasit da shaidar turawar banki su ma haka.

Yanzu zauna ka yi wa kanka adalci, domin ba kowane "bai yi min ba" ne laifin maƙeri ba. In an yi shi daidai da hoton da ka kawo amma da ya hau yatsa ta ga ya yi mata girma ko ta fi son wani fasalin, wannan roƙo za ka je yi kuma ka shirya biyan kuɗin aiki. Haka farin gwal, in bayan wasu watanni ya fara komawa ruwan ɗorawa-ɗorawa ba cuta ba ce, dama wani farin ƙarfe ne da ake kira rodiyum ake shafa masa a sama, yana gogewa da wanke-wanke, sai a sake shafawa. Aibin aiki daban yake: faratai ba su kwanta a kan dutse ba ko wani ya fi wani tsawo, dutse na rawa ko ya karkace, wurin da aka haɗa bakin zoben ta ƙasa yana nuna layi ko launinsa ya bambanta, an rubuta suna ba daidai ba, an auna yatsa amma ya fito ya matse. Akwai kuma wanda mutane ba su cika lura da shi ba, 'yan ramuka ƙanana kamar tsinin allura a jikin gwal ɗin. Wannan tun wurin zubi ne, iska ta maƙale a cikin narkakken gwal, kuma in ya ce maka "bari a goge" kar ka yarda, gogewa tana rufe na sama ne ta buɗo na ƙasa, maganinsa a sake zubawa. Sannan ka duba kaurin ƙasan zoben, gwal mai karat 21 da 22 (karat shi ne ma'aunin yawan gwal zalla a cikin ƙarfen) suna da taushi, in aka sirantar da shi don a rage giram wata biyu ya isa ya lanƙwashe ya zama kamar ƙwai, shi ya sa zoben da zai riƙe dutse mai tsada 18 ya fi dacewa da shi.

Wanda ya fi duka nauyi shi ne a ba ka abin da ba shi kuka yi ciniki ba. Leƙa cikin zoben za ka ga lamba: 916 shi ne karat 22, 875 karat 21, 750 karat 18, 585 karat 14, azurfa mai kyau kuma 925. Amma tambari kowa na iya bugawa, saboda haka in zuciyarka ba ta kwanta ba ka kai wani shagon daban a goga a dutsen gwaji a ɗiga ruwan asid, ko inda suke da na'urar da ke karanto yawan gwal ɗin. Gwajin maganaɗisu da ake yayatawa kar ka dogara da shi, tagulla ma ba ta kama maganaɗisu. Dutse kuma in daimon ka biya to a gwada a gabanka, don moisanait da zirkoniya, duwatsun da ke kama da daimon, a ido ba ka rabe su da shi, kuma karat na dutse ba irin na gwal ba ne, shi nauyi ne, karat 1 giram 0.2 ke nan. Ka tabbata ma ba a haɗa maka nauyin dutsen a kuɗin gwal ba, domin ranar da ta tashi sayarwa cire shi za su yi su auna gwal zalla, kuma kowa ya san gwal ɗin mace ajiya ce ba kwalliya kaɗai ba.

To ranar zuwa. Kar ka je ranar da ranka yake tafasa. Ka je da hantsi kafin shago ya cika, in ka tsare shi a gaban kwastomomi dole ya kare kansa ko da ya san bai da gaskiya. Ka tafi da mutum ɗaya mai sanyin rai, in son samu ne wanda ya haɗa ku, kar ka kwashi abokai huɗu, kuma amaryar ta zauna a gida tukuna. Ka nemi mai shagon da kansa ba yaro ba. Ku gaisa sosai, a tambayi kasuwa a tambayi iyali, sannan ka miƙa masa. Ni abin da na ce kawai shi ne, "Alhaji, aikin nan akwai ɗan gyara, duba da kanka ka gani." Ya sa gilashinsa na ido ya juya ya juya, ya kira yaronsa ya ce wa ya ɗaura dutsen nan. Ka ga da na shiga da "an cuce ni" da yanzu muna kan musu. Ka bar masa ƙofar fita, ko da cewa za ka yi ƙila yaran ne suka yi sauri, ba kunyata shi ka zo yi ba, zobe ka zo karɓa.

Zai iya cewa ai ba shi ya ƙera ba, wani maƙeri yake ba wa a bayan layi. Yawancinsu haka ne kuwa, amma ba ruwanka, wanda ya karɓi kuɗinka shi ka sani, shi ya je ya ji da maƙerinsa.

Nan ne wurin da nake so ka buɗe kunne. Kar zoben ya bar hannunka sai ya hau sikeli a gabanka. Ka ɗauki hoton sikelin da lambar tana nunawa da zoben a kai. Sannan a bayan rasit ko a wata takarda a rubuta giram nawa, karat nawa, wane irin dutse da girmansa, abin da za a gyara ɗaya bayan ɗaya, ranar karɓa, da cewa gyaran ba kuɗi, ya sa hannu ka ɗauki hoto. Zai ce haba Malam ba ka yarda da mu ba ne, ka yi dariya ka ce don kar a manta ne Alhaji. Nawa ya shiga yana giram 5.2 ya fito 5.1, wannan ban yi magana ba don goge da shafa suna cin ɗan kaɗan, amma in aka ce rabin giram ya tafi to tambaya ta zama dole. In rage faɗi za a yi, guntun da aka yanke naka ne, ka faɗa tun kafin a yanka. In daimon ne mai takardar shaida irin ta GIA, cibiyar da ke tantance duwatsu masu daraja, yawancinsu akwai lamba da aka zana da leza a gefen dutsen, a nuna maka ita a gilashi kafin ka bari da kuma ranar karɓa. In kuma gwal ɗinka ka kawo aka narka, misali tsohon ɗan kunnen Hajiya, to awon nan ya ma fi zama wajibi, kuma a fiƙihun Malikiyya mai sana'a yana lamunin kayan da aka bar masa in suka ɓata ko suka salwanta a hannunsa, su ma sun san da haka.

Me za ka nema? Ƙaramin aibi gyara. Ramuka, sirantaccen ƙasa, ko fasalin da ya saɓa hoto, a sake ƙerawa. Karat ko dutse ba daidai ba, kuɗinka ko a musanya da na gaskiya. Sai dai ka kula da wata dabara, zai ce "to kawo mu saya", ya auna ya ba ka farashin tsohon gwal na ranar, ka ga kuɗin ƙira ya tafi ke nan kai ka ɗauki asarar kuskurensa. Ka ce masa ba sayarwa ka zo yi ba, mayarwa ka zo yi. In kuma maganar ta koma a ba ka wani zoben da ke cikin gilas ka yi ciko, ka tuna musayar gwal da gwal tana da hukuncinta, nauyi daidai kuma hannu da hannu, hanya mai sauƙi ita ce a warware cinikin farko a ba ka kuɗinka sannan ka sayi wancan daban.

"Dawo jibi" kam sai ka sha shi. Na farko ka yi haƙuri, na biyu ka tura saƙo a rubuce mai ɗauke da ranar da kuka yi, na uku ka daina zarya ka nemi shugabannin layin, kusan duk kasuwar da ake sayar da gwal, ko Sabon Gari a Kano ko Wuse a Abuja, 'yan kasuwar suna da shugabanni masu sasanta irin wannan, kuma ɗan kasuwa ya fi jin kunyar a zaunar da shi gaban abokan sana'arsa fiye da takardar lauya. In nan ma ya ƙi, akwai hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, FCCPC, dokarta ta 2018 ta ba ka damar mayar da kaya mai aibi cikin wata 3 a gyara ko a canza ko a biya ka, don haka kar ka bari "jibi" ta cinye maka watannin. Akwai kuma kotun ƙananan ƙararrakin kuɗi da aka buɗe a Kano tun 2019, ba sai da lauya ba. 'Yan sanda ni ban ba ka shawara ba sai in gwal ɗin jabu ne ƙarara. Zancen ɗora hoton shagonsa a Facebook kuwa ka riƙe shi tukuna, musamman zobenka yana hannunsa.

Wanda aka yo wa saƙo daga Dubai ko Saudiyya ta hannun wata Hajiya, nasa ya fi wuya, abin da zai cece shi rasit ɗin shagon can ne na asali, in babu shi sai dai a gyara a nan a raba kuɗin da 'yar aiken in tana da kirki.

Ranar karɓa kar ka duba a ƙarƙashin fitilarsu, fito da shi bakin ƙofa. Ya sake hawa sikeli, ka gwada da hoton wancan awon, ka taɓa dutsen da farce, ka karanta rubutun ciki harafi-harafi. Girman kuma ta gwada da yamma ma, don yatsa na kumbura da zafi, ka gaya masa sai ta sa kwana biyu kafin a ce an gama. Ni da mayafin nan da ya ja zare na tafi a leda, na fito da shi a kan gilashinsa na goga zoben a jiki gaba da baya sau wajen goma, bai kama ba. Alhaji ya kalli mayafin ya ce wannan ma mu muka yi? Na ce ƙwarai. Ya yi dariya ya ce Allah ya sa alheri, bai dai ce zai biya ba, ni na je Kwari na sayo wani.