Yadda Tela Zai Rage Ɓata Lokaci a Shagonsa Kafin Sallah

Kamfanin Toyota na Japan ne ya shahara da dabarar rage asara da ɓata lokaci a wurin aiki. Injiniyansa, Taiichi Ohno, ya lissafa asara iri 7 da ke cin riba a ɓoye, ciki har da jira, zirga-zirga da sake aikin da ya lalace. Telolin Katsina suna fama da su duka, musamman idan azumi ya kama.

Da farko, zaɓi shadda ɗaya ka bi ta tun daga awo har ta isa hannun mai ita. Rubuta duk inda ta tsaya da dalilin tsayawar. Za ka tarar ɗinkin kansa sa'o'i ne kaɗan, sauran kwanakin jira ne: jiran mai aikin wuya, jiran wuta, jiran yaron da aka aika Babbar Kasuwa neman zare. Kada ka yi wa wannan mataki gaggawa, don a ganina shi ne ginshiƙin aikin.

Sai ka kwashe ƙyallaye da keken da ya mutu, ka ba almakashi, tef da alli wurinsu na dindindin.

Na uku, daina yanka kaya ashirin kana jibgewa. Yanka abin da za a ɗinka yau kawai. Kuskuren awo zai bayyana tun a rigar farko, kafin a lalata yadin mutane.

Ranar karɓar yadi ka tanadi zare da maɓalli.

Daga ƙarshe, duk Alhamis ka zauna da yaranka minti 10, kowa ya faɗi abu ɗaya da ya tsayar da shi, ku gyara shi kafin Asabar.