Kurakuran da aka fi yi wa wuya, daga shagon aski zuwa bakin titi

Mu Hausawa hanyar jini jijiya ce, zaren da ke kai saƙon ƙwaƙwalwa ma jijiya ce. Shi ya sa da wuya ya ƙage sai a ce jijiya ta harɗe, a kama murza ba a san me ake murzawa ba.

Ɗora yatsu biyu a gefen maƙogwaro, gaban doguwar tsokar nan da ta taso daga bayan kunne ta sauka ƙashin ƙirji. Bugun da ka ji na karotid ne, babbar hanyar jini zuwa ƙwaƙwalwa. Kube ɗaya suke ciki da jijiyar da ke dawo da jini, da wata mai rage gudun zuciya. Inda karotid ta rabu biyu, ƙasan muƙamuƙi, akwai wurin da ke auna ƙarfin jini. A matsa shi da ƙarfi, bugun zuciya ya ragu, mutum ya yanke jiki ya faɗi, balle tsoho. In za ka duba bugu, gefe ɗaya, a hankali. Kada ka taɓa danna biyun tare.

Sai murɗe wuyan da wasu masu aski ke yi har ya ce ƙas, wai kyauta. Ni dai na kan ce na gode, a bar shi. Akwai hanyoyin jini 2 da ke bi ta ramukan ƙasusuwan wuya su shiga kai. Fizga na iya yage bangonsu, jini ya daskare, ɓarin jiki ya shanye. Ba kullum ba, amma yana faruwa, har ga matashi. Tsumma da ruwan ɗumi da motsi a hankali sun isa ƙagewa.

Mafi muni a titi ne. Mai babur ya faɗi a Kawo, jama'a su yi ca, wannan ya ja hannu, wancan ƙafa, kai na lilo, a cusa shi a Keke. Ƙasusuwan wuya 7 ne, laka na cikinsu, kuma jijiyar da ke motsa tsokar numfashi daga wajen ƙashi na 3 zuwa na 5 take fitowa. Ƙashi ya goce a nan, numfashi ya tsaya. Mutum ɗaya ya durƙusa ya riƙe kan da hannu biyu yadda ya same shi, a bar masa hular kwanonsa in yana numfashi, kada a ɗura masa ruwa, a kira jami'an kiyaye haɗurra a 122. In dole a ɗaga shi, a juya shi gaba ɗaya kamar gungume, a kan katako.