Yadda za ka kai ƙara idan an ci zarafinka a aikin buɗaɗɗiyar manhaja

An sha tambayata: "Na tura gyara a GitHub, wani ya zage ni, yaya zan yi?" GitHub shafin intanet ne da ake haɗuwa a gina buɗaɗɗiyar manhaja, wato manhajar da kowa zai iya ganin yadda aka rubuta ta, ya kuma kawo gyara. Ga matakan.

1. Dakata tukuna, kada ka rama.
2. Ɗauki hoton allo na maganar.

Hattara: yi wannan nan take. Mai zagin zai iya gogewa ko sauya rubutunsa kafin ka waiwayo.

3. Kwafi adireshin shafin da kwanan wata.
4. Buɗe fayil ɗin CODE_OF_CONDUCT.md, inda aka rubuta ƙa'idojin mu'amala na aikin. Ayyuka da yawa suna bin wata sananniyar ƙa'idar mu'amala mai suna Contributor Covenant. Manhajar Linux ma wannan ƙa'idar ta ɗauka a 2018.
5. Nemo imel ɗin masu karɓar ƙorafi a cikin fayil ɗin.
6. Rubuto musu abin da ya faru a taƙaice, haɗe da hujjojinka.

Nan ake yawan kuskure: kada ka kai ƙarar a bainar jama'a. Sai 'yan kallo su taru, maganar ta koma cacar baki.

7. In mai laifin yana cikin masu kula da aikin, tura wa wani daban.
8. Toshe asusunsa.
9. In da barazana ko an wallafa adireshin gidanka, sanar da GitHub kai tsaye.