Darasi na 9: Yadda ake rage teɓa ba tare da zama da yunwa ba

A nan Damagaram, in namiji ya ajiye teɓa cewa ake hutu ya karɓe shi. Mace in ta yi jiki a gidan miji, dangi su ce ana kula da ita. Har akwai masu sayen ƙwayoyin nan da ake kira sha-ka-fashe don su kumbura. Amma kitsen da ya taru a ciki yana jawo hawan jini da ciwon sukari, nauyin kuma yana cin gwiwa. Wannan darasi na manya ne masu ƙiba. Bai shafi yara ba, kada wanda ya rage wa yaro abinci saboda abin da ya karanta a nan.

Da farko sai ka san ko kana da kitsen ragewa. Ba sai da sikeli ba. Nemi igiya, ka tsaya ba takalmi, wani ya auna tsawonka daga tsakar ka zuwa diddige, ya yanke. Ninka igiyar biyu, ka zagaya ta a cikinka, sama da cibiya kaɗan. In bakin igiyar ya haɗu, da sauƙi. In bai haɗu ba, kewayen cikinka ya wuce rabin tsawonka, akwai aiki a gabanka. Ka ajiye igiyar, za mu koma kanta.

Karatu

Wani tela a Kasuwar Dole ya je gaida yayarsa, wadda ke aiki a likita. Ya zauna kan tabarma da ƙyar, yana haki.

"Yaya, ni fa ban cika ci ba, amma duk rigunana sun matse ni."

"To auta, faɗa mini abin da ka ci jiya."

"Da safe koko da ƙosai. Da rana shinkafa da wake, da mai da yaji. Da dare tuwo."

"Sukari ƙwaya nawa ka jefa a kokon?"

"Huɗu."

"Shayi fa?"

"A'a Yaya, shayi ai ba abinci ba ne. Na farko, na biyu, na uku, a shago. Da dare kuma a fada."

"Lemun kwalba?"

"Ɗaya tak, saboda zafi."

"Da me ka je kasuwa?"

"Kabu-kabu."

Ta yi dariya ta ce, "Tuwo bai yi maka laifi ba. Sukari da mai da zama kan keken ɗinki su suka matse rigunan."

Ƙarfin da abinci ke ba jiki ana auna shi da kalori. Abin da jiki bai ƙona ba, sai ya mai da shi kitse ya ajiye, kamar yadda ake zuba rarar hatsi a rumbu. In aka rage abin da ke shiga, aka ƙara motsi, dole jiki ya buɗe rumbun. Giram 1 na sukari ko na tsaba yana da kalori wajen 4. Giram 1 na mai yana da 9, fiye da ninki biyu. Shi ya sa mai ne abu na farko da za a sa wa ido. Ba ya cika ciki, ba ya ɗaukar wuri a kwano, amma babban cokali guda na man gyada ko manja kalori 120 ne. Uwargida, ki daina tuttula mai daga kwalba kai tsaye cikin tukunya. Ki riƙa aunawa da cokali.

Lissafi

Ƙwayar sukari mai giram 5 kalori 20 ce. A ce telan nan ya rage ƙwaya 10 a rana, kalori 200 ke nan. Ya bar lemun kwalba, wanda ƙaramarsa ke ɗauke da sukari wajen ƙwaya 7, wato kalori 140. Ya rage mai cokali 2, kalori 240. A haɗa: 200 da 140 da 240 sun ba da 580. A kwana 7 sun zama 4,060. Kilo 1 na kitsen jiki kalori wajen 7,700 ne. Ke nan a mako guda ya sauke kusan rabin kilo, kuma bai tsallake cin abinci ko sau ɗaya ba.

Rabin kilo zuwa kilo 1 a mako, iyakar saurin da ya dace ke nan. Wanda ya ce maka shayinsa ko garin maganinsa zai sauke maka kilo 10 a sati biyu, ruwan jikinka zai zubar ta hanyar zawo da fitsari, kitsen yana nan daram. Ɗaure ciki da ɗamara ko lulluɓa don a yi gumi ma haka ne, kana shan ruwa nauyin ya dawo.

Wanda ya rage mai da sukari ya bar kwano fayau, yunwa za ta mai da shi wurin mai fanke kafin la'asar. Sai a cike gurbin da ganye. Rabin kwano ya zama kwaɗon zogale, ko kabeji, salati, tumatir, yakuwa, duk abin da masu lambu irin na Miriya suka kawo kasuwa. A rage malmalar tuwo, a ƙara miya. Wake, ƙwai, kifi, nono da nama marar kitse suna riƙe ciki, suna kuma tsare tsoka. Fura a dama ta da nono ba sukari, ko ɗan kaɗan. Alkaki kuwa, na san ba a raba Badamagare da shi, a bar shi sai ranar biki.

Motsa jiki

Ba kasafai za ka ga ɗan ga-ruwa mai tura kura da teɓa ba. Kai ba sai ka tura kura ba, tafiya ta isa a fara. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi ya samu aƙalla minti 150 na motsa jiki a mako, wato minti 30 a rana, kwana 5 a mako. Tafiyar ta zama da sauri, yadda za ka iya magana amma ba za ka iya rera waƙa ba. Sabon shiga ya fara da minti 10, ya riƙa ƙara minti 5 kowane mako. In kana Zango za ka Birni, sauka daga kabu-kabu tun da sauran tafiya, ka ƙarasa da ƙafa. A watannin bazara, daga Maris zuwa Mayu, zafi kan wuce digiri 40, don haka a fita bayan sallar asuba ko dab da magariba, da ruwa a hannu. Ka lura da wannan: tafiyar minti 30 kalori wajen 150 take ƙonawa, kwalbar lemu guda ta mai da su.

Kwana 2 a mako a ba tsoka aiki. Zauna kan kujera ka miƙe ba tare da dafa gwiwa ba, sau 10. Dafa bango da hannu biyu, ka karkata ka tura, sau 10. Ɗaga jarkar ruwa mai lita 5, nauyinta kilo 5 ne. Matar da ba ta fita za ta iya yin duk wannan a tsakar gida, ta haɗa da zagaye da daka. Motsa ciki kaɗai ba ya narkar da teɓa, jiki daga ko'ina yake ɗebo kitse. Barci kuma kada ya gaza awa 7, don mai ƙarancin barci ya fi jin yunwa.

Mai juna biyu, mai shayarwa, da mai shan maganin ciwon sukari ko hawan jini, su fara zuwa likita kafin su canja ci. Wanda ya ji ciwon ƙirji ko jiri yana cikin tafiya, ya tsaya nan take, ya je a duba shi. Haka wanda ƙafafunsa suka kumbura, ko wanda ke ramewa ba tare da ya nema ba.

Aikin gida

Ka ja layi 7 a littafinka, ka rubuta sunayen ranaku daga Lahadi zuwa Asabar. Gaban kowace rana ka rubuta ƙwayar sukari nawa ka sha, da minti nawa ka yi tafiya. Ranar darasi mai zuwa za mu haɗa jimillar tare a allo. Igiyar nan kuma ka zagaya ta yau, ka auna yatsa nawa ya rage bakin ya haɗu, ka rubuta. Bayan sati 4 ka sake aunawa da safe kafin karin kumallo, ka zo da ita aji.